TARIHIN ISKAR TAYA: ME YA SA BABBAR AKORI-KURA BA TA DA LAMBA ƊAYA TAK?

Yau za mu ɗan ajiye maganar waya da manhaja a gefe, mu leƙa ƙarƙashin mota, domin akwai wata fasaha da muke hawa kullum amma ba mu ɗauke ta a bakin komai ba, wato iskar taya. Rubutun yana da ɗan tsawo, ka daure ka kai ƙarshe, akwai abin da zai amfane ka ko da mashin kake hawa.

Bari mu fara da wata tambaya da ta daɗe tana raba kan masu manyan akori-kura a Amurka, irin su Ford F-250 da F-350, da Ram 2500, da Chevrolet Silverado 2500HD. Waɗannan su ne motocin da manoma da 'yan kwangila ke jan tirelar shanu ko ta injina da su a can. Idan ka duba gefen tayar irin wannan mota, galibi za ka ga an rubuta 80. Idan ka buɗe ƙofar direba, akwai sitika a jikin ginshiƙin ƙofar, ita kuma sau da yawa ta ce gaba 60 ko 65, baya 70 ko 80. Idan kuma ka tambayi masu motar, da yawa za su ce maka su in ba kaya, 50 ko 55 suke bai wa tayar baya. Mota ɗaya, lamba uku. To wacce ce daidai?

Kowace daga cikinsu tana da asali da dalili, ɗaya ma sai da aka rasa rayuka kafin aka ɗauke ta da muhimmanci. Idan ka san daga inda kowace ta fito, ba za ka ƙara rikicewa ba.

TUN FARKO, ISKA CE KE ƊAUKAR KAYA

A shekarar 1845 wani saurayi ɗan Sikotland mai shekara 23, Robert William Thomson, ya yi rajistar wata ƙirƙira a Birtaniya: tif na roba da ake hura wa iska, a rufe shi da fata, a ɗaura a ƙafar keken doki. An gwada ta a Landan kuma ta yi aiki, kekunan sun rage ƙara, dawakai sun rage wahala. Amma roba tana da tsada a lokacin, babu mota, keken hawa ma bai yaɗu ba. Sai aka manta da ita.

Bayan shekara arba'in da 'yan kai, wani likitan dabbobi mai suna John Boyd Dunlop, shi ma ɗan Sikotland amma yana zaune a Belfas, ya ga yadda ɗansa ke shan jijjiga a kan keke mai ƙafa uku a titin duwatsu. Ya haɗa masa tayar iska, ya samu rajista a 1888. A 1889 wani ɗan tsere, Willie Hume, ya lashe tseren keke a Belfas da wannan taya, daga nan kasuwa ta buɗe. A 1890 aka sanar da Dunlop cewa rajistarsa ba ta da ƙarfi saboda Thomson ya riga shi, amma sunansa ya riga ya zauna.

Matsalar tayar Dunlop ita ce da gam ake manna ta a jikin wili, faci ɗaya sai ya ci awanni. A 1891 wasu 'yan uwa biyu a Faransa, André da Édouard Michelin, suka fito da wadda ake iya cirewa a gyara a mayar. A 1895 suka saka tayar iska a mota suka shiga tseren Paris zuwa Bordo da dawowa. Sun sha faci a hanya har sun gode Allah, amma sun nuna wa duniya cewa mota ma za ta iya tafiya a kan iska. A can New York kuma kamfanin August Schrader, wani Bajamushe da ya yi ƙaura zuwa Amurka, ya yi rajistar bawul a 1893. Wannan bawul mai ɗan tsinke a tsakiya da ke jikin mashin ɗinka yau, shi ne dai, sama da shekara 130 bai canza siffa sosai ba.

Abin da duk waɗannan mutane suka gano shi ne tushen maganarmu: ba roba ce ke ɗaukar nauyin mota ba, iskar da ke ciki ce. Roba jaka ce kawai mai riƙe iska. Lambar da mai faci ke gani a gejinsa, wadda ake rubutawa psi, tana nufin fam nawa iskar ke turawa a kan kowane inci ɗaya murabba'i. A wasu gejin za ka ga bar, bar ɗaya kusan psi 14.5 ne, wato 80 ya kama kusan bar 5.5. Idan nauyi ya ƙaru iska ba ta ƙaru ba, dole taya ta ƙara bajewa a ƙasa, gefenta ya ƙara lanƙwasa. Ka riƙe wannan lanƙwasar a ranka, za mu dawo kanta.

JADAWALIN DA KE BAYAN KOWACE LAMBA

A farkon ƙarni na 20 kowane kamfani a Amurka yana yin wili da taya yadda ya ga dama, tayar wannan ba ta shiga wilin wancan. A 1903 masana'antun suka kafa ƙungiyar da daga baya aka sa wa suna Tire and Rim Association domin a daidaita girma. Ƙungiyar tana nan har yau, kuma ita ke fitar da jadawalin da ke cewa: taya mai girma kaza, da iska kaza, tana ɗaukar nauyi kaza. Lambar sitika da lambar gefen taya duk daga irin wannan jadawali suke fitowa.

A wancan zamani tayar iska ta ƙananan motoci ce. Manyan motocin kaya da tayar roba zalla suke tafiya, marar iska, a hankali, suna farfasa titi da bayan direba. A 1917 kamfanin Goodyear ya tura motar kaya mai tayar iska daga Akron a jihar Ohayo zuwa Boston domin ya nuna abin zai yiwu. Tafiyar farko ta sha wuya da taɓo da faci, amma kafin ƙarshen shekarun 1920 tayar iska ta fara kore ta roba zalla a motocin kaya. A 1923 kuma Firestone ya fara sayar da taya mai faɗi da ake kira balan-balan, wadda ke ɗaukar iska mai yawa amma matsinta ƙasa da na siraran tayoyin da. Daga nan ƙananan motoci suka sauko zuwa lambobin da muka saba ji yau, talatin da wani abu.

To motar kaya fa? Ita ba za ta iya saukowa ba, domin nauyi yana buƙatar matsi. Kuma kafin taya ta jure matsi mai yawa sai an ƙarfafa jikinta. A da, da shimfiɗar zaren auduga ake ƙarfafawa: shimfiɗa huɗu, shida, takwas, goma. Da nailan da wayar ƙarfe suka zo, shimfiɗa biyu ko uku sun isa su yi aikin goma, amma sunan bai mutu ba. Shi ya sa har yau za ka ga 10 PR a gefen taya, ma'ana ƙarfinta daidai da mai shimfiɗa goma. Daga baya aka mayar da shi haruffa: C tana daidai da shida kuma iyakarta psi 50, D takwas da psi 65, E goma da psi 80.

Ka ga daga inda 80 ɗin nan ta fito kenan. Ba shawara ba ce aka ba ka. Cewa aka yi wannan taya tana ɗaukar iyakar nauyinta ne idan an ba ta 80. Wanda ya ƙera tayar bai san a wace mota za a ɗaura ta ba, balle ya san me ka ɗora.

MOTA ƊAYA, RAYUWA BIYU

A 1925 Ford ya fara sayar da Model T mai bodin kaya a baya tun daga masana'anta. A 1948 ya fito da jerin motocin F, kuma ƙirar 1999 ce ta ware manyan ciki da sunan Super Duty. Dodge kuma tun 1989 ya fara saka injin dizal na Cummins a akori-kurarsa. Sannu a hankali motar ta tashi daga kayan aikin gona kawai, ta zama motar da mutum zai kai yara makaranta da ita ranar Litinin, ranar Asabar kuma ya ja tirela mai nauyin tan da yawa.

Nan matsalar take. Ƙaramar mota, tsakanin direba shi kaɗai da cikakken lodi, bambancin 'yan ɗaruruwan kilo ne a raba wa taya huɗu. Babbar akori-kura kuwa, nauyin da ke kan aksil ɗin baya yana iya ninkawa cikin minti goma, da zarar an ɗaura tirela. Gaban bai cika canzawa ba, domin injin, musamman na dizal, yana nan a kansa kullum. Baya ne ke da rayuwa biyu.

Wani abu kuma ya ƙara rikita lamarin. A 1946 Michelin ya yi rajistar taya mai suna radiyal, ita ce mai harafin R a lambar girmanta, mai ɗamarar wayar ƙarfe a ƙarƙashin zane. Amurka ba ta rungume ta sosai ba sai a shekarun 1970. Ta fi daɗewa, ta fi rage shan mai, amma gefenta yana da ɗan kumburi ko da iskarta daidai take. Wato ido ya daina aiki. Taya za ta iya rasa kaso mai yawa na iskarta ka kalle ta ka ce lafiya lau. Buga ta da ƙafa ko da ƙarfe ma ba zai faɗa maka lamba ba.

LAMBA 26 DA TA GIRGIZA AMURKA

Abin da ya canza komai bai faru a kan babbar akori-kura ba, ya faru ne a kan ƙanwarta. A 1990 Ford ya fito da Explorer, jif ɗin iyali da aka gina a kan ƙashin ƙaramar akori-kura mai suna Ranger. Motar ta yi kasuwa ƙwarai. Yawancinsu da tayar Firestone suke fitowa, kuma sitikar Ford ta ce a ba su psi 26. Takardun da suka fito daga baya a binciken majalisar dokokin Amurka sun nuna cewa damuwa kan yiwuwar kifewar motar a lanƙwasa mai kaifi tana cikin abin da ya sa aka zaɓi wannan lamba ƙarama.

Yanzu mu koma kan lanƙwasar da na ce ka riƙe. Duk juyi ɗaya da taya ta yi, gefenta yana lanƙwashewa ya miƙe. A gudun babbar hanya hakan yana faruwa sama da sau goma a daƙiƙa ɗaya. Ka ɗauki waya ta ƙarfe ka yi ta lanƙwasa ta gaba da baya, ka taɓa wurin, za ka ji ya yi zafi. Haka roba take. Ƙarancin iska yana ƙara lanƙwasa, lanƙwasa tana ƙara zafi, zafi kuma yana cin haɗin da ke tsakanin roba da ɗamarar ƙarfe, har wata rana zanen tayar ya ɓalle gaba ɗaya ana tsaka da gudu. Kuma taya, ko ba huji, tana rasa kusan psi ɗaya a wata. Wanda ya fara daga 26 ya yi wata shida bai duba ba, ka lissafa inda zai kai.

Haɗurran sun fi yawa a wurare masu zafi. A 1999 Ford ya fara canza wa masu Explorer taya a Saudiyya, daga baya a wasu ƙasashe har da Benezuwela, ba tare da an yi hakan a Amurka ba. A watan Fabrairun 2000 gidan talabijin na KHOU da ke Houston a jihar Teksas ya watsa bincike kan haɗurran, mutane suka yi ta kira suna ba da nasu labarin. A watan Mayu hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, ta buɗe bincike. Ranar 9 ga Agusta, 2000, Firestone ya sanar da janye tayoyi kusan miliyan 6.5 samfurin ATX da ATX II da Wilderness AT. Daga ƙarshe hukumar ta danganta mutuwar mutum 271 a Amurka da haɗurran da suka shafi waɗannan tayoyi.

Sai aka shiga nuna wa juna yatsa. Ford ya ce tayar ce ke da aibi, musamman waɗanda aka yi a masana'antar Decatur da ke jihar Ilinoi. Firestone ya ce 26 ta yi kaɗan ga nauyin motar, 30 ya kamata, kuma ita motar tana da saurin kifewa. A watan Satumban 2000 Ford ya amince a koma 30. Binciken da Firestone ya yi da kansa ya lissafa abubuwa da dama da suka haɗu: ƙirar kafaɗar tayar, yadda aka haɗa ta a Decatur, nauyin motar da ƙarancin iska, da kuma yadda masu motar ke kula da tayoyinsu. Wato ba abu ɗaya ba ne. Amma ƙarancin iska shi ya cinye ɗan rarar da za ta iya rufa wa sauran asiri.

Rikicin ya raba zumuncin da ya faro tun 1906, lokacin da Harvey Firestone ya fara sayar wa Henry Ford taya. Har auratayya ke tsakanin gidajen biyu, jikar Firestone ta auri jikan Ford a 1947. Duk da haka a watan Mayun 2001 Firestone ya sanar da daina hulɗa da Ford, shi kuma Ford ya ce zai canza tayoyi miliyan 13 da kuɗinsa. Kafin shekarar ta ƙare, shugaban Ford, Jacques Nasser, ya rasa kujerarsa, aka kuma rufe masana'antar Decatur.

DOKAR DA TA HAIFI WUTAR DASHBOD

Ranar 1 ga Nuwamba, 2000, shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ake kira TREAD. Ta wajabta wa kamfanoni su sanar da hukuma idan sun janye kaya a wata ƙasa, aka tsaurara gwajin taya, aka daidaita sitikar iska da inda ake manna ta. Babban abin da ta haifar kuma shi ne na'urar lura da iskar taya, TPMS. Fasahar ta riga dokar, Porsche 959 ta zo da ita tun 1986, amma daga 1 ga Satumba, 2007, ta zama dole ga duk sabuwar motar da nauyinta da lodi bai wuce fam 10,000 ba, wato kilo 4,536, in ban da masu taya bibbiyu a aksil ɗaya. Tarayyar Turai ta bi sahu ga duk sababbin motocin fasinja a Nuwamban 2014.

Yadda mafi yawansu ke aiki a motocin Amurka abin sha'awa ne ga masu son fasaha. A cikin kowace taya, a gindin bawul, akwai 'yar sensa mai auna matsi, dangin wadda ke auna matsin iska a wasu wayoyin hannu. Tana da batir ɗinta a rufe, yana kai shekara biyar zuwa goma, tana aika saƙo ta rediyo zuwa kwamfutar motar. Idan iska ta ragu da kashi 25 cikin ɗari daga lambar sitika, sai wuta mai ruwan ɗorawa ta kama a dashbod, mai kama da kofaton doki da alamar motsin rai a tsakiya. Duk motar da aka shigo mana da ita daga Amurka ƙirar 2008 zuwa sama, in ƙarama ce, tana da wannan wuta.

Ka lura da abu biyu. Na farko, wutar ba geji ba ce, ƙararrawa ce. Kafin ta kama, rubu'in iskarka ya riga ya tafi. Na biyu, dokar ta jawo wa masu babbar akori-kura sabon ciwon kai. Idan sitika ta ce baya 80, wuta za ta kama a 60. Wanda ya sauke tayarsa zuwa 55 saboda ba kaya, wuta ba za ta mutu ba. Shi ya sa a wasu shekaru Ram 2500 ta riƙa zuwa da maɓalli a dashbod na ƙaramin lodi, tare da lambobi kashi biyu, na lodi da na emti. Wato shi kansa kamfanin ya yarda cewa motar ba ta da lamba ɗaya.

TO YAYA AKE ZAƁA?

Bari mu ɗauki taya da aka san ta a irin waɗannan motoci, LT265/75R16 mai harafin E. Jadawali ya ce a psi 50 tana ɗaukar kilo 1,120, a 65 kilo 1,360, a 80 kilo 1,550.

Mu ƙaddara, a matsayin misali, aksil ɗin bayan motarka yana da kilo 1,400 in ba kaya. Kowace taya 700 kenan. A psi 50 kana da rarar kilo 420 a kowace taya. Idan ka bar ta a 80 ba laifi ka yi ba, amma wurin da ke taɓa ƙasa zai ragu, bayan motar ya riƙa tsalle a gargada, riƙon titi ya ragu, tsakiyar zanen ya riga gefe cinyewa.

Yanzu ka ɗaura tirela mai kilo 6,000, irin wadda ake maƙalawa a tsakiyar bodin baya, daidai saman aksil, wadda Amurkawa ke kira mai wuyan dinya saboda lanƙwasar ƙarfenta. Irin wannan tana ɗora kashi 15 zuwa 25 cikin ɗari na nauyinta a kan motar. Mu ce kashi 20, kilo 1,200 kenan. Aksil ya koma 2,600, kowace taya 1,300. Idan ka manta ta a 50, ka ɗora mata kilo 180 sama da ƙarfinta, kuma ba abin da za ka gani da ido sai zafi da ke taruwa a ciki. A 65 rararka kilo 60 ce kacal, akwatin kayan aiki da fasinja biyu sun cinye ta. A 80 kana da 250. Ka ga ashe 80 ɗin da ke kan sitika don wannan rana aka rubuta ta.

Tirelar da ake maƙalawa a ƙarshen baya, ƙarƙashin bamba, ita kashi 10 zuwa 15 take ɗorawa. Amma da yake nauyin yana bayan aksil, yana ɗaga gaban motar ya danna baya, don haka abin da tayar baya ke ɗauka ya fi nauyin da ke kan ƙugiyar.

Daga wannan tarihi da lissafi, ga abin da za ka riƙe:

Na ɗaya, in ba ka auna nauyin motarka ba, bi sitikar ƙofa. An rubuta ta ne don cikakken lodi, ba za ta bar ka a ƙasa ba, matuƙar tayar da ke jikin motar girmanta da ƙarfinta ɗaya da wadda aka rubuta a sitikar.

Na biyu, wanda ke son saukowa ƙasa da sitika lokacin emti, sai da sikeli da jadawalin kamfanin tayar, kuma ya bar rara mai kyau. A Amurka akwai sikelin manyan motoci a wuraren shan mai na babbar hanya, irin na kamfanin CAT Scale da aka kafa a 1977, yana ba ka nauyin kowane aksil daban, har ta manhajar waya ake biya a karɓi sakamako. Tayar baya ake magana. Ta gaba a bar ta a lambar sitika.

Na uku, iska ake fara ƙarawa kafin a ɗaura tirela, ba bayan an hau hanya ba. Ita ma tirelar tana da nata tayoyin da nata lambar, a duba su.

Na huɗu, da sanyi ake aunawa, wato motar ta yi aƙalla awa uku a tsaye, ko ba ta yi tafiyar da ta wuce kilomita ɗaya da rabi ba. Kowane sauyin digiri biyar da rabi a ma'aunin Salsiyas yana motsa iskar ƙaramar mota da kusan psi ɗaya, ta babbar taya mai 80 kuma kusan biyu.

Na biyar, iska ba ta ƙara wa aksil ƙarfi. A jikin ƙofar akwai iyakar nauyin kowane aksil, an rubuta GAWR. Idan ka wuce ta, ko nawa ka buga ba ka tsira ba. Haka kuma kar a wuce lambar gefen taya a aunin sanyi, kuma ka sani bawul na roba irin na ƙananan motoci iyakarsa kusan 65 ne, mai 80 yana da nasa bawul ɗin.

INDA ABIN YA SHAFE MU

Irin waɗannan manyan motoci ba su da yawa a titunanmu, amma zafin da ya fara fasa tayoyin Explorer a Saudiyya shi ne irin zafin da muke sha a bazara. Za ka ji wasu direbobi suna cewa a rage iska lokacin zafi don kar taya ta fashe. Tarihin da muka karanta ya nuna akasin haka. Ƙaruwar psi huɗu zuwa shida da za ka gani bayan doguwar tafiya, masu ƙera taya sun san da ita, sun saka ta a lissafi. Idan ka sassauta bawul ka fitar da ita, da tayar ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida, ta ƙara lanƙwasa, ta ƙara zafi. Ka gudu ne daga abin da ba zai faru ba, ka faɗa wanda ke faruwa.

Kuskuren yawan iska kaɗan, kuɗin taya da ciwon baya yake ci. Kuskuren ƙarancin iska a ƙarƙashin lodi kuwa, rai yake ci. Saboda haka in kana shakka, ka karkata wajen sitika.

Gobe da safe kafin ka tayar da mota, buɗe ƙofar direba ka nemi sitikar nan. A wasu motocin Turai tana cikin murfin tankin mai, kuma da yawa suna da lamba biyu, ta mutum biyu ko uku da ta cikakken lodi. Ka ɗauke ta hoto a wayarka, ka nuna wa mai faci maimakon ka bar shi ya ba ka lambar da yake bai wa kowa. In da hali ka sayi ɗan gejinka na aljihu, ka riƙa dubawa sau ɗaya a wata da kuma kafin kowace doguwar tafiya, har da safaya.

Ka tura wa direban da ka sani, wataƙila yana buƙata. Allah Ya kiyaye hanya, sai mun haɗu a rubutu na gaba.